Asalin Talaka: Me Ɗan Zangon Lome Zai Yi da Tarihin Kakansa?

Sarki yana da maroƙa da masu kirari da ke riƙe masa sunayen kakanninsa. Malami yana da salsalar malamansa a rubuce, kamar yadda Abdullahi ɗan Fodiyo ya jera waɗanda ya yi karatu a gabansu cikin littafinsa Ida'un Nusukhi. Shi kuwa mutumin ƙauye, wanda yake duƙe a gona da damina, da rani ya ɗaura wa jaki mangala ya bi ayari, ba wanda ya taɓa zama ya rubuta shi. In ya mutu, 'ya'yansa sun san shi, jikoki sun san sunansa da sunan garinsu, daga nan kuma sai shiru. Da yawa daga cikin Hausawan da iyayensu suka zauna a tsohon zango na gefen Amoutivé, a tsakiyar birnin Lome, zuriyar irin wannan mutum ne. Tambayar da ke gabanmu ita ce, ko addini ya ɗora wa jikansa wani nauyi na sanin tarihinsa, ko kuwa bin diddigin kaka da kakanni aikin banza ne, wanda ma ya yi kusa da alfaharin jahiliyya da Musulunci ya zo ya rushe. Abin da nake gani shi ne nauyin yana nan, kuma ya fi ƙarfi a kan talaka bisa ga basarake, domin tarihin gidan talaka lissafin hakkoki ne: wa zai ci gado, wa ya haramta a aura, wa ake bi bashi, wa ke bin gidan bashin alheri. Wanda ya ɗauke shi a matsayin kirari ya ɓata shi, wanda ya yar da shi kuma ya yar da hakkin mutane.

Sai mu fara da sanin wane ne wannan kaka. A ƙarni na 19, a ƙauyukan Kano da Katsina da Zamfara da Kabi, noma da fatauci ba su rabu ba. Gida yana noma gandu ɗaya a ƙarƙashin uba, a cika rumbu da gero da dawa, in an gama kaka sai wani daga cikin 'ya'ya ko ƙanne ya ɗauki ɗan jari, sau da yawa na uban gandu ne, ya sayi kanwa da baƙin zane na marinar Kura da jar fata, ya shiga ayarin Gwanja a ƙarƙashin madugu. Hanya takan bi ta Yawuri, a ƙetare Kwara, a ratsa Barugu da Jugu ko Sansanin Mango, har a sauka Salaga, inda ake sayen goron da ya fito daga dazukan Ashanti. Tafiya ce ta watanni, wani lokaci har damina ta wuce mutum yana hanya, 'yan'uwa su nome masa gayauna. To, a 1874 Ingilishi suka ci Kumasi, ƙasashen arewa suka kuɓuce daga hannun Ashanti, goro ya fara ƙaranci a Salaga. A 1892 kuma yaƙin basasa ya tarwatsa garin. Fatake suka watsu, wasu Kete-Krachi, wasu Kintampo, wasu suka gangara bakin teku. A cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi har da Alhaji Umaru, shahararren malamin nan haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934. Lome kuwa Jamusawa suka mai da ita babban birnin Togo a 1897, suka gina gadar saukar kaya a teku a 1904, suka shimfiɗa dogo zuwa Kpalimé da Atakpamé. Inda ciniki ya karkata can falke ke karkata. Mutumin da ya bar gida da niyyar dawowa kafin shuka, sai ga shi ya yi aure a bakin teku, aka haifa masa ɗa, aka binne shi a rairayi.

Michel Agier, wani masani Bafaranshe da ya zauna da mutanen Zangon Lome ya fitar da littafi a kansu a 1983, ya tarar da cinikin shanu da na goro su ne ginshiƙin unguwar, kuma masu gida, wato fatoman da ke saukar da baƙi, su ne ke juya al'amura. Ya kuma zo a daidai lokacin da unguwar take jinyar babban rauni: a 1977 hukuma ta rushe zangon na tsakiyar gari, aka kwashe mutane zuwa wajen Agoè, kimanin kilomita 15 arewa da birnin, manyan gine-ginen bankuna suka tashi a wannan yanki. Wannan shi ya sa batunmu ya fi tsanani a Lome. Ɗan ƙauyen Katsina da bai san tarihin gidansu ba yana da gonar gado da kufai da kukar da kowa ya san wanda ya zauna a gindinta. Ko ya manta, maƙwabta za su tuna masa. Ɗan zango ba shi da gonar, ba shi da zauren da kakansa ya gina. Abin da ya rage masa shi ne abin da ke kan tsofaffi, su kuwa ana ta kai su makwanci.

Mai musun wannan ra'ayi nawa na farko malami ne, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Zai ce Alƙur'ani a Suratul Hujurati ya ɗora fifiko a kan taƙawa kaɗai, Suratul Mu'uminuna ta faɗa cewa ranar da aka busa ƙaho dangantaka ba ta da amfani, kuma a Sahihu Muslim an lissafa alfahari da asali cikin ɗabi'un jahiliyya da za su daɗe a cikin al'umma, an kuma nuna cewa wanda aikinsa ya jinkirta shi nasabarsa ba za ta gaggauta da shi ba. Duk gaskiya ne. Mazhabar Malikiyya da muke bi ma ta fi sauran tsayawa a nan, tunda a wajen dacewar miji da mata abin da Imamu Malik ya duba shi ne addini da lafiyar mutum daga aibobi, bai sa nasaba sharaɗi ba. Amma ayar Hujurati ɗin nan da kanta ta ba da dalilin raba mutane dangi-dangi da ƙabila-ƙabila, wato don su san juna. Tirmizi ya ruwaito umarnin a koyi nasaba gwargwadon abin da za a sada zumunci da shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito kashedi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane. Abin da aka hana shi ne mutum ya ɗauki kakansa ya taka wani da shi. Sanin kakan kuwa an nema, har an gina hukunce-hukunce a kansa. Ibn Khaldun, da ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya tafi a kan cewa amfanin nasaba duka yana cikin haɗin da take ƙullawa tsakanin rayayyu, in ta daina haɗa kowa ta zama ilimi marar amfani. Wannan ma'auni ya ishe mu. Jikan falke ba ya bukatar kakanni ashirin. Yana bukatar huɗu ko biyar, amma ya san su da rassansu, maza da mata.

Duk mai shakka ya halarci zaman rabon gado sau ɗaya. An shimfiɗa tabarma bayan sadakar arba'in, malam ya zauna da takarda da alƙalami, magada sun jeru, mata na bayan labule suna saurare. Malam ba ya tambayar ko mamaci jinin sarauta ne. Tambayarsa ita ce: mata nawa ya bari, akwai wadda ya saka tana cikin idda? Wannan ɗan da ya rasu, kafin uban ya rasu ko bayansa? Domin in ya riga uban, 'ya'yansa ba su da rabo matuƙar akwai baffansu a raye, in kuwa ya biyo baya ko da kwana ɗaya ne, kasonsa ya sauka a kansu. Wannan ɗan'uwa da ake cewa yana Kumasi, uwa ɗaya uba ɗaya suke, ko 'yan uba ne, ko uwa kaɗai suka haɗa? Kowane da hukuncinsa. Sai a ga ɗaki ya yi tsit, a aika a kira wata tsohuwa da ba a cika kula ta ba, ita ce za ta ce ai kafin ya sauko kudu ya bar mata da 'ya a gida, kuma 'yar ta hayayyafa. In wannan tsohuwa ta riga mamacin tafiya, an raba dukiya an ci rabon wata baiwar Allah, ba wanda ya yi niyyar zalunci, amma an yi shi. Ƙa'idar malaman usulu ce cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Rabon gado bisa ƙa'ida wajibi ne, kuma ba ya cika sai da tarihin gida.

Wannan tsohuwa ta kai mu ga kuskuren da maza ke yi. In Bahaushe ya ce zai ba da asalinsa, sai ya jero wane ɗan wane ɗan wane, kamar maza ne ke haihuwar kansu. A zango wannan rabin labari ne, wataƙila ma bai kai rabi ba. Falken da ya sauka Lome shi kaɗai ya zo, matar da ya aura kuwa sau da yawa 'yar wani maigida ce, ko Bakotokola daga Sokodé, ko Bayarabiya, ko 'yar ƙasa daga cikin Ewe da Mina da ta musulunta. Jikan da ke bugun ƙirji da Kano alhali bai san ƙauyen kakarsa da ke tafiyar sa'a ɗaya daga gidansu ba, ya yanke zumuncin da ya fi kusa ya kama wanda ya fi nisa, kuma ba inda shari'a ta ce kawu ya daina zama kawu don ba Musulmi ba ne. Ga kuma shayarwa. A Malikiyya ko tsotsa ɗaya jariri ya yi a cikin shekarun shayarwa, in nono ya kai ciki, haramcin aure ya tabbata. A gidan haya mai ɗaki goma, inda uwa ke tafiya kasuwa ta bar jariri a hannun maƙwabciya, inda riƙon 'ya'yan dangi ya zama ruwan dare, wa ya san wanda ya sha nonon wa? Mata ne kawai. Ba mamaki mafi cikar tarihin gidan manoman karkara da muke da shi a rubuce daga bakin mace ya fito, Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta ɗauki labarinta aka buga a 1954. Ita ce ta riƙe wa ya auri wa, wa aka ba riƙo, wa mahara suka kama aka fanso shi da nawa.

Akwai kuma dangin da ba na jini ba, kuma a nan ne tarihin falke ya bambanta da na manomi zalla. Goro kaya ne mai rai. Ana jera shi a huhu cikin ɗanyen ganye, a ɗaure tam, bayan 'yan kwanaki a kwance, a zauna a bi shi ɗaya-ɗaya ana fitar da wanda sankara ta taɓa, a yayyafa ruwa, a canza ganye, a sake ɗaurewa. In aka yi sakaci, huhu guda ya tafi. Mai irin wannan kaya ba ya iya jiran mai kuɗi hannu, dole ya sayar bashi, kuma a garin da bai san kowa ba. Maigida ne ke ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashin, in mai saye ya gudu shi zai biya. La'adarsa ke nan, amma abin ya wuce la'ada: yaron da ya daɗe yana hidima, maigida ne ke yi masa aure ya ba shi jari. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan ayarin goro, ya nuna yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka mamaye wannan fatauci. Agalawa da Tokarawa ba daga gidan sarauta suka fito ba, talakawan ƙasar Buzaye ne da suka zauna a ƙauyukan Katsina da Kano suna noma suna ciniki, kuma daga cikin Agalawa Alhassan Ɗantata ya fito, haifaffen Bebeji, wanda ya rasu a 1955. Amfanin asali a wurinsu shi ne a san wanda za a ba kaya bashi a Gwanja a karɓi kuɗi a Kano. Saboda haka tarihin irin wannan gida cike yake da sunayen mutanen da ba dangi ba: wanda ya saukar da kaka ranar da ya iso ba shi da ko taro, wanda ya yafe masa bashi shekarar da kaya suka ruɓe, wanda ya bar ajiya bai dawo ba. Suratun Nisa'i ta sa biyan bashi gaba da rabon gado. Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa sada zumunci da masoyan uba bayan rasuwarsa yana cikin mafi girman biyayya ga iyaye. Ta yaya mutum zai girmama abokin ubansa in bai san sunansa ba? Jikan maigida na iya zama yau shi ne mai tura baro a kasuwa, jikan baƙo kuma ya wuce shi a mota.

Mai musu na biyu ya fi na farko wuyar amsawa, domin dattijon zango ne da ya san abin da yake faɗa. Zai ce: kai yaro, zango da rufin asiri ya rayu. Salaga ba goro kaɗai ake sayarwa a cikinta ba, har da mutane. Cikin waɗanda suka sauko bakin teku akwai bayin da suka ɗauko kayan fatake, akwai wanda ya gudo daga bashi, akwai wanda ya yi laifi a garinsu, akwai Bagurunshe da Bamoshe da Bazabarme da suka koyi Hausa suka shiga sahu. Ba a tambaye su takarda ba. Mutum ya yi salla, ya riƙe amana, aka ba shi mata, 'ya'yansa suka tashi Hausawa. Yanzu ka zo da littafi da alƙalami kana tone-tone, ka manta kaza garin tone-tone take tono wuƙar yanka ta? Ranar da aka rubuta cewa kakan wane bawan kakan wane ne, ranar za a fasa auren da aka sa wa rana. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya san yadda kalmar bawa ke fitowa a bakin mutane ranar faɗa ba zai raina ta ba. Shirun da zango ya yi a kan asalin baƙo yana cikin mafi kyawun abin da ya yi, ya ma fi kusa da ruhin addini bisa ga ɗabi'ar wasu birane da ke bincike har kaka na bakwai kafin su ba da 'ya.

Amsata ita ce dattijon ya haɗa abu biyu da shari'a ta raba, sutura da ƙarya. Sutura ita ce kada a kai sirrin gida kasuwa, kuma ba wanda ya ce a kai. Lissafin hakkoki na 'yan gida ne, a ajiye shi inda ake ajiye takardar fili. Amma abin da ya faru a gidaje da dama ya wuce shiru. Gurbin da aka bari sai aka cike shi da ƙage: kowa kakansa ɗan sarki ne da aka hana sarauta ya yi fushi ya fito, ko babban malami ne, ko sharifi. Har mutum ya rasa wanda ya ɗauko kayan, in duk ayarin 'ya'yan sarakuna ne. Wannan shi ne ainihin abin da hadisi ya yi kashedi a kai, kuma shi ke raya raina bayi, tunda mai ƙirƙiro wa kansa kakan sarauta ya riga ya yarda cewa kakan gaskiya abin kunya ne. Alƙur'ani ya riga ya yi wa wanda ba a san ubansa ba matsayi. A Suratul Ahzabi, aya ta 5, inda aka hana kiran Zaidu ɗan Harisa da sunan wanda ya riƙe shi, an ce a kira kowa da ubansa, in ba a san uban ba to ɗan'uwa ne a addini kuma majiɓinci. Ba a ce a ƙago masa uba ba, ba a kuma ce a rage masa daraja ba. Gidan da zai iya gaya wa 'ya'yansa cewa kakanmu an kamo shi yana yaro, bai san garinsu ba, ya yi dako, ya fanshi kansa, ya gina wannan gida, ya ba su abin da ya fi kirarin aro. In kuwa har yanzu akwai mai fasa aure saboda wannan, matsalar tana wurin mai fasawar, kuma aikin limamai ne su faɗa masa hukuncin mazhabarsa.

Wasu za su kawo siyasa, su tuna da 1969, lokacin da gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, aka kori mutanen da a zangunan ƙasar aka haife su. Su ce mai yawan ambaton Katsina yana ba masu kiransa baƙo makami. Ni ina ganin akasin haka. Tarihin da ya tsaya a kan gaskiya shi ke nuna cewa gidan ya shekara fiye da ɗari a Lome, tun kafin Togo ta sami 'yancin kai a 1960, ya nuna kakanni mata 'yan ƙasa, ya nuna inda aka binne kowa. Tatsuniyar ɗan sarkin da ya yi fushi ita ce ke mai da mutum baƙo na har abada. Batun cewa labarin baka yana da kuskure kuwa, haka ne, shi ya sa ake jin bakin tsoho fiye da ɗaya, a rubuta abin da aka tabbatar daban, abin da aka ji daban. Malaman hadisi sun daɗe da koya mana wannan.

Saura gonar. Jikan da ya binciko ƙauyen kakansa yakan ji wani abu ya motsa masa: ashe muna da gado a can. Ta fuskar fiƙihu yana iya zama da gaskiya. Hauzi a Malikiyya, wato mallaka ta daɗewar riƙo, shekara 10 ne a kan bare da ke nan yana gani bai yi magana ba, tsakanin dangi kuma ya fi haka tsawo sosai, sannan ba a cika yanke hakkin wanda ba ya gari da shi ba. Amma lissafin da ya nuna masa kason kakansa shi ne kuma zai nuna masa ɗaya shafin. Jarin da kaka ya fita da shi daga rumbun gandu aka ɗebo shi, bai kuwa dawo da ko uwar kuɗin ba. Ƙanen da ya zauna shi ya biya harajin gidan shekara da shekaru, shi ya ciyar da uwarsu har ta rasu tana tambayar ko an ji labarin na Gwanja, shi ya aurar da 'yar da aka bari a ciki, shi ya riƙe gonar a yunwar 1914 da ta 1973 lokacin da maƙwabta ke sayar da nasu a kan 'yan tiyoyin hatsi. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar ɗan Lome ba ta taka garin ba tsawon zuriya uku. In ya je, jikokin wannan ƙane ne za su tarbe shi, gonar kuma an riga an raba ta gida takwas ko goma, kowane kaso bai fi a nome shi da safiya ɗaya ba. Alƙali zai iya fitar masa da 'yan kunyoyinsa in ya kawo shaidu. Kafin ya kai ga alƙali, sai ya fara zama da su a lissafa abin da kakansa ya fita da shi da abin da nasu kakan ya kashe a madadinsa.